Sa idon zaɓaɓɓu a kan hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi a Nijar

Sa idon zaɓaɓɓu shi ne aikin da wakilan jama'a ke yi na bin diddigin masu zartaswa a yankinsu: me suka ce za su yi, nawa aka ba su, ina kuɗin suka shiga. An fi maganarsa a ƙasashen da gwamnatin tsakiya ta sakar wa yankuna wani ɓangare na ikonta ta hanyar doka. Wannan tsari daban yake da tarayya irin ta Najeriya, inda kundin tsarin mulki da kansa ya raba iko tsakanin Abuja da jihohi. A tsarin sakin iko, wanda ya bayar yana iya karɓe abinsa, kuma a Nijar an ga haka ba sau ɗaya ba. An rusa majalisun jihohi da na ƙananan hukumomin ƙasar a Afrilu 2024, don haka bayanin yadda suke aiki a nan na kafin wannan lokaci ne.

Asalin tsarin

Maganar bai wa yankuna ikon tafiyar da harkokinsu ta samu ƙarfi ne bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu 1999, rikici ya biyo baya, aka soke shi. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya tsaya, a ƙananan hukumomi 265. Dokar da ta tattara ƙa'idojin aikin wuri guda ita ce mai lamba 2010-54 ta 17 ga Satumba 2010, kuma a ƙarƙashinta aka zaɓi majalisun jihohi a watan Janairu 2011.

Jihohi bakwai ne suka samu majalisa: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi da Damagaram. Yamai kuwa tana cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Maraɗi, Tawa da Damagaram. An kasa birnin Yamai kashi biyar, birnin Tawa kashi biyu, kuma kafin rusawar 2024 kowane kashi yana da magajin garinsa, a samansu kuma akwai majalisar birni. A wancan tsari, kansiloli ne ke zaɓar magajin gari ko shugaban majalisar jiha daga cikinsu. Daga nan ikonsu a kansa ya samo tushe: su suka ɗora shi, su kuma doka ta ba damar sauke shi ta ƙuri'ar yankan ƙauna.

A gefe guda akwai gwamna a jiha da perefe a gunduma. Waɗannan ba zaɓarsu ake yi ba, daga Yamai ake naɗo su, kuma duk shawarar da majalisa ta yanke sai ta bi ta teburinsu su duba ko ta dace da doka. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokokin ƙasa na yankin suna da kujera a zauren, suna tofa albarkacin bakinsu, amma ba sa kaɗa ƙuri'a. Sai dai duk wanda ya san ƙasar Adar, a jihar Tawa, ya san cewa idan sarki ya yi magana a taro, da wuya kansilan da ke zaune a ƙasarsa ya ɗaga hannu ya saɓa.

Kasafin kuɗi, inda aikin yake

Kafin a rusa ta, majalisar ƙaramar hukuma kan yi zaman doka sau huɗu a shekara, ƙofa a buɗe ga mai son saurare. Zama biyu ne suka fi nauyi: wanda ake amincewa da kasafin shekara mai zuwa, da wanda magajin gari ke kawo lissafin abin da ya kashe a shekarar da ta wuce. Doka ta raba hannu biyu da gangan. Magajin gari ne ke ba da umarnin a kashe, amma ba ya taɓa kuɗi. Ma'aji ne ke karɓa yana biya, kuma yana da nasa littafin. Idan littattafan biyu ba su zo daidai ba, nan kansila ke samun bakin tambaya.

A ɗauki harajin kasuwa, wanda shi da lanho, wato harajin kai, su ne ƙashin bayan kuɗin shigar yawancin ƙananan hukumomin karkara. A ranar kasuwa mai karɓar haraji yana zagayawa da kundin tikiti, yana yagar wa mai albasa ɗaya, mai tumaki ɗaya, gindin takardar yana hannunsa. Kansilan da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan jimillar da aka karanto masa. Tambayarsa ita ce kundi nawa aka buga, nawa aka fitar, nawa suka dawo. Shi ma ɗan kasuwar ne, ya san yawan dabbobin da ke shiga kara kafin babbar salla, don haka idan aka ce masa kuɗin watan layya daidai suke da na tsakiyar damina, ya san da walakin. Irin wannan tambaya ta fi doguwar huɗuba amfani, kuma ba ta buƙatar digiri.

Abin da take buƙata shi ne takarda a kan lokaci, cikin harshen da mutum ke ji. Nan gizo ke saƙar. Da Faransanci ake rubuta kasafi da rahoton zama, alhali muhawarar da Hausa ake yinta, ko da Zabarmanci, ko Tamashek a arewacin jihar Tawa wajen Abalak da Cintabaradan. Kansilan da bai yi lakkol ba ya dogara ne da fassarar magatakarda, wanda shi kuma a ƙarƙashin magajin gari yake aiki. Idan kuma aka raba takardun da safiyar ranar zama, ko mai karatun ma sai dai ya bi yarima ya sha kiɗa.

Bayan majalisa, a wancan tsari akwai kotun binciken kuɗaɗen gwamnati, wadda kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya tanada, da kuma sufetocin ma'aikatar cikin gida.

Iko ba kuɗi

A 2016 gwamnati ta fitar da dokokin miƙa fannoni huɗu ga jihohi da ƙananan hukumomi: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Kafin nan, a 2008, an kafa hukumar ANFICT don ta riƙa isar musu da tallafin gwamnati. Amma miƙa aiki ya riga miƙa kuɗi nisa. Sakamakon haka, idan kansila ya tambayi dalilin da ya sa ƴan makaranta ke karatu a rumfar kara, ko famfon ƙauye ya shekara a lalace, amsar a shirye take: kuɗin ba su zo daga Yamai ba. Sau da yawa gaskiya ce, wani lokaci kuma mafaka ce, kuma kansila ba shi da hanyar kiran minista ya bambance masa. Kafin juyin mulkin 2023, wannan aikin ƴan majalisar dokokin ƙasa ne, masu ikon yi wa minista tambaya a rubuce ko da baki, da kafa kwamitin bincike, da kayar da gwamnati ɗungurungum. Sun taɓa yi: ranar 31 ga Mayu 2007 ƙuri'u 62 cikin 113 suka kayar da gwamnatin Firaminista Hama Amadu kan badaƙalar kuɗin ilimi.

Wa ke sauke magajin gari?

A takarda, kansiloli. An kuwa sha shigar da ƙuri'ar yankan ƙauna a ƙananan hukumomi, kodayake sau da dama sauyin ƙawancen jam'iyyu ne ke haifar da ita fiye da binciken lissafi. Amma a Yamai, inda idon kowa yake, daga sama hukuncin ya riƙa zuwa. A 2013 majalisar ministoci ta tuɓe Umaru Dogari daga shugabancin birnin. Gwamnati ta ce batun tafiyar da dukiyar birni ne, magoya bayansa suka ce siyasa ce, ganin jam'iyyarsa Moden Fa Lumana ba ta daɗe da ficewa daga ƙawancen masu mulki ba. A 2017 aka tuɓe Assane Seydou, aka rusa majalisar birnin, aka naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. Su ma masu zaɓe an jinkirta musu nasu hukuncin: wa'adin kansilolin 2011 shekara biyar ne, amma aka yi ta tsawaita shi har zuwa zaɓen 13 ga Disamba 2020.

A wasu ƙasashe

Misalin da aka fi ambata shi ne Birtaniya, wadda a 1999 ta sakar wa Sikotilan da Wales iko, kowacce da majalisarta. Majalisar Sikotilan mai kujeru 129 tana tsare shugaban gwamnatin yankin da tambayoyi duk ranar Alhamis idan tana zama, a gaban kyamara. A Wales, a watan Yuni 2024, shugaban gwamnati Vaughan Gething ya faɗi ƙuri'ar yankan ƙauna da 29 da 27. Ƙuri'ar ba ta tilasta masa sauka ba, amma wata guda bayan haka ya sanar da murabus. A Kenya, kundin tsarin mulkin 2010 ya kafa yankuna 47, kuma majalisar yanki na iya tsige gwamna idan majalisar dattawa ta tabbatar, kamar yadda aka yi wa Mike Sonko na Nairobi a Disamba 2020. Babban bambancin waɗannan da Nijar shi ne majalisunsu suna da ma'aikatan bincike na kansu da kasafi mai kauri da za a yi jayayya a kai. Majalisun yankunan Nijar, lokacin da suke aiki, ba sa yin doka, shawara suke yankewa a cikin iyakar da dokar ƙasa ta shata musu.

Halin da ake ciki bayan 2023

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine kundin tsarin mulki, ya rusa majalisar dokoki. Majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi sun ci gaba da zama na wasu watanni, har zuwa Afrilu 2024, lokacin da shugaban mulkin soja Janar Abdurahaman Tiani ya rusa su duka, aka naɗa kantomomi, da yawansu jami'an soja da na tsaro. A birnin Yamai Kanar Boubacar Soumana Garanké ne ya karɓi ragama daga Umaru Dogari, wanda ya sake hawa kujerar a 2021. Kantoma ga wanda ya naɗa shi yake kai rahoto. A matakin ƙasa, an ƙaddamar da majalisar tuntuɓa ta sake gina ƙasa a watan Yuni 2025. Ba ta hanyar zaɓen gama-gari mambobinta suka shiga ba, kuma aikinta ba da shawara ne.