Waiwaye: Yuraniyom ɗin Arlit da dattin da aka bari a baya

Tun lokacin da gwamnatin sojin Nijar ta sanar da mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr hannun ƙasa a watan Yunin 2025, muhawara ta karkata kan wa ke da mallaki, wa kuma zai sayi hajar. Abin da ba a cika tayarwa ba shi ne wa zai ɗauki nauyin tulin sharar da aikin fiye da shekara hamsin ya tara a bayan garin Arlit da Akokan.

Faransawa ne suka gano ma'adinin a Azelik a 1957, tun Nijar ba ta samu mulkin kai ba. An kafa Somaïr a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Cominak, mai haƙa a ƙarƙashin ƙasa, ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978. Ɓangaren Faransa ya yi ta sauya suna, daga Cogema zuwa Areva zuwa Orano, amma ragamar ta daɗe a hannunsa: kafin a mayar da Somaïr hannun ƙasa, yana da kashi 63.4 cikin ɗari a ciki, kamfanin gwamnatin Nijar, Sopamin, na riƙe da sauran. Rigimar farashi ma tsohuwa ce. Shugaba Diori Hamani na tsakiyar neman ƙarin kuɗi ne sojoji suka kifar da shi a watan Afrilun 1974.

Matsalar gurɓata daga yadda ake tace ma'adinin take tasowa. Ana niƙa dutse, a jiƙa shi da asid, a tsame ɗan yuraniyom ɗin da ke ciki. Ragowar taɓon da ya rage yana ɗauke da mafi yawan tururin nukiliyar da ke cikin dutsen tun asali, yana kuma fitar da iskar radon mai jawo kansar huhu. A fili aka riƙa jibge shi, a hamadar da iska ke kwasar ƙura ta shigar da ita har cikin ɗaki. Cominak kaɗai, da aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, ya bar kimanin tan miliyan 20.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda gubar ta shiga rayuwar yau da kullum ta hanyar talauci. Tsofaffin ƙarafa da bututun masana'anta sun fita zuwa kasuwar Arlit, maƙera suka mayar da su kayan gida, wasu suka yi rufi da su. An yi cikon hanya da duwatsun da aka fitar daga rami. Mace na girki, yaro na wasa a ƙofar gida, babu wari babu launi da zai gargaɗe su.

Kuma ba hukuma ce ta fara tona wannan ba. Ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen garin, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen, ita ta gayyato cibiyar bincike mai zaman kanta ta CRIIRAD daga Faransa a 2003. Greenpeace ta zo a ƙarshen 2009, rahotonta na 2010 ya ce a wani titin Akokan tururin ya kai kusan ninki 500 na abin da aka saba, kuma huɗu cikin samfuran ruwa biyar sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Areva ta musanta cewa aikinta na cutar da jama'a, ko da yake an bi wasu titunan an kwashe ƙasar.

Doka akwai ta, hukumomin sa ido ma akwai su. Sai dai shekara da shekaru yawancin awon da ake dogaro da shi kamfanin ne ke yi, manyan asibitocin garin ma nasa ne. Gwamnati kuwa mai hannun jari ce, ga ta mai karɓar haraji, ga ta alƙali. Ko dokar ma'adinai ta 2006 sai da aka kai ruwa rana kafin Areva ta amince a 2014 cewa harajin zai iya tashi daga kashi 5.5 zuwa 12.

Mallakar waje ta ƙara dagula neman haƙƙi. A 2012 wata kotun Faransa ta ɗora wa Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe, tsohon ma'aikacin Cominak, da kansar huhu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013, bisa hujjar cewa Cominak ne ubangidansa, ba Areva ba. In iyalan Bafaranshe sun tashi a tutar babu, ina ga leburan Akokan?

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an ƙwace lasisin haƙar yuraniyom a Imouraren daga Orano a Yunin 2024, na Madaouela daga kamfanin GoviEx na Kanada a wata mai bi. Orano ta garzaya kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa. Ina ganin Nijar na da hujjar neman cikakken iko da arzikinta. Amma yanzu da gwamnati ta zama mai ramin baki ɗaya, buƙatar mai awo da ba ya cin albashinta ta fi ta da, kuma duk sulhun da za a yi da Orano tilas ya fayyace wanda zai biya kuɗin rufe sharar da sa ido kan rijiyoyin Arlit.