Tankin Ruwa a Kan Ƙusa Huɗu: Kira ga Masu Gida a Zangon Kumasi

Aikina duba-gari ne. Abin da ke shigar da ni gidajen Aboabo da Asawase shi ne kwata da shara da ruwan da ya kwanta yana tara sauro, don haka idona kullum a ƙasa yake. A daminar da ta wuce ne na fara ɗaga kai sama, saboda abin da na gani a wani gida ya hana ni barci.

Tankin roba ne mai cin lita 1,000, an ɗora shi a kan dandamalin katako a tsakar gida. A inuwarsa wata Hajiya ta kafa murhu, jikokinta biyu suna zaune a tabarma. Da na matsa, sai na ga katakon da ya ɗauki gindin tankin ya rabu da ginshiƙi, har yatsana yana shiga tsakani. Ƙusa huɗu ne suka riƙe shi, sun yi ja da tsatsa, katakon da ke kewaye da su ya yi baƙi, farce ma yana shiga. Na ce, "Hajiya, don Allah a kwashe yaran nan tukuna, sai mu gaisa." Da mai gidan ya fito ya ce min, "Malam, ai shekara uku ke nan bai motsa ba." Na ce, "Baba, lita 1,000 na ruwa kilo 1,000 ne, buhun siminti 20 ke nan a saman kan jikokinka." Ya yi shiru, sannan ya sa aka buɗe famfo aka fara juye ruwan.

Ƙusa ba abar raini ba ce. Wajen buga kwano ko ƙananan katakai babu kamarta. Amma santsi gare ta, matsewar katako kaɗai ke riƙe ta. Katakon waje kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A nan Kumasi damina biyu muke yi a shekara, ya sha ruwa ya kumbura, hunturu ya zo ya bushe ya tsuke. Kowane zagaye ramin ƙusar yana ƙara saki, har ta fara zamewa da kanta. Mafi muni ita ce wadda aka buga a bakin katako, inda zarto ya yanka, don a nan riƙonta ya fi rauni.

Manyan katakai noti suke so, dogon da zai ratsa su duka biyu ya ɓullo ta baya a ɗaure shi da sifana. Kada kaurinsa ya gaza milimita 12, idan kayan sun yi nauyi sosai a sa mai 16. Kowace mahaɗa a ba ta biyu, don guda ɗaya yana barin katako ya juya kamar almakashi. A sa washa mai faɗi, wato faifan ƙarfe mai huji a tsakiya, gaba da baya, in ba haka ba kan notin zai nutse cikin katakon. Ramin da za a huda ya zama daidai da notin, ya shiga da ɗan bugun guduma, ba yana lilo a ciki ba. Kuma kada a huda dab da ƙarshen katako: a bar tazarar da ta kai kaurin notin sau bakwai, wato wajen inci uku da rabi ga mai milimita 12. Kusa da haka, katakon tsagewa zai yi. Inda hannu ba zai kai baya ba, akwai babban sukuru mai kai irin na noti, amma sai an fara huda masa hanya.

Abin da na fi so kafintocinmu su riƙe shi ne wannan: a sassaƙe wa katakon kwance mazauni a jikin ginshiƙi, ya zauna a kai. Haka kakanninmu suke ɗora itacen rumfa a bakin dirka. Itace ya ɗauki itace, ƙarfe kuma aikinsa ya hana su rabuwa. Sannan a gicciya katakai tsakanin ginshiƙan, don kada iskar hadari ta karkatar da su.

Sai maganar tsatsa. A nemi ƙarfen da aka tsoma a narkakken zinki, wanda masu shago ke kira galbanais. Launinsa toka-toka ne, jikinsa da ɗan kaushi. Mai sheƙin nan mai araha rufinsa siriri ne, ba ya jure ruwan sama. Idan katakon mai magani ne, irin mai launin kore-kore, maganin nan yana da jan ƙarfe a ciki, yana saurin cin baƙin ƙarfe. 'Yan'uwanmu na Accra kuma, musamman na kusa da teku, iskar gishiri tana ƙara musu wahala, su gara su nemi ƙarfen da ba ya tsatsa ko da ya fi tsada.

Noti mai kyau ba ya gyara ruɓaɓɓen katako. In za a je Sokoban sayen katako, kada a karɓi katakon da ake kira wawa don aikin waje. Yana da sauƙin kuɗi, amma laushi gare shi, ruwa da gara suna gamawa da shi da wuri. Katakon odum ya yi tsada, na sani, amma akwai na kusia da na tik. Ƙafar ginshiƙi kuma a ɗaga ta daga ƙasa, a ɗaure ta a ƙarfen da aka dasa cikin siminti.

A gidan Baba an sake dandamalin, an mayar da murhun Hajiya wani gefe. Na roƙe shi abu biyu, kuma ina roƙon kowa. Bayan hunturun farko a zagaya da sifana a ƙara ɗaure kowane noti, don katakon zai bushe ya saki. Tsofaffin ƙusoshin da aka cire kuma a tattara su a gwangwani, kada a bar su a tsakar gida inda yara ke yawo ba takalmi. Wanda ƙusa ta soka ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti a ranar a duba maganar allurar tetanus, wato ciwon sarƙe haƙora, ko da ramin ƙarami ne bai yi jini sosai ba.