Lambun tsakar gida: a fara da ganye, tumatir ya biyo baya

Duk mai cefane a Zariya ya san yadda shekarar kayan miya take juyawa. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da masu noman rani na bakin Galma suke ɗiba, tumatir kan yi arha har a riƙa yanka shi ana shanyawa. Da damina ta kankama kuwa, wajen Yuni da Yuli, kashi ɗaya a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada sai ya nemi gagarar mai ƙaramin ƙarfi. A wannan lokacin ne jama'a suke tare mu, mu malaman gona, suna tambayar yadda za su shuka tumatir a gida.

Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba. Nakan ce a jingine maganar tumatir tukuna, a fara da ganye. Tumatir shuka ce mai laulayi. Ruwa ya yi yawa, ganyensa ya kamu da cuta, 'ya'yan su ruɓe; zafin bazara ya tsananta, furen ya zube. Ga tsutsar nan mai shiga cikin ganye da 'ya'ya, wadda ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Abin da ya ɗaga hankalin manoman da suka gaji sana'ar, ba shi ya kamata sabon shiga ya fara da shi ba. Daga iri zuwa ɗiban farko akan yi kusan wata uku, kuma in ya lalace a hanya, mutum ya yi fushi da lambu ke nan. Alayyahu kuwa, a yafa shi yau, cikin mako uku zuwa huɗu yana tukunya.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. A yankinmu na Arewa maso Yamma, fiye da rabin ƙananan yara sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da hannu a ƙarancin jini, amma abinci ma yana da nasa. Tuwo kullum da miya tsululu yana cika ciki, jini dai ba ya samun abin da yake nema. Koren ganye irin su zogale, alayyahu, rama, yakuwa, lalo da ganyen wake suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke gina jini, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi ya kuma raunana garkuwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da na marmari a rana. Gida nawa ne a Tudun Jukun ko Kwarbai suke iya sayen wannan kullum ga kowa da kowa? Amma buhu biyar ko shida na ganye a gefen katanga zai rage tazarar sosai.

Maganar fili ba hujja ba ce. Na san gidajen cikin Birni a matse suke, na Sabon Gari da Samaru kuma da yawa na haya ne, an dabe tsakar gida da siminti. Buhun shinkafa da aka juye, tsohon bokiti, bahon da ya fashe, duk sun isa. A huda ƙasansu don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a ajiye inda rana take samu kamar awa shida a wuni. Mai haya in zai tashi, ya ɗora buhunansa a mota tare da kayan ɗaki. Mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, fenti ko baƙin mai, wannan kada a kusance shi.

Ƙasa ita ce rabin aikin. A haɗa kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashi ko buntun shinkafa don kada ta dunƙule. A lura, ruɓaɓɓe na ce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, kuma ɗanyen kashin dabba kowace iri yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da za su hau ganyen da za a ci. A tara shi wuri guda, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ƙasar bola kuma, duk da baƙinta da ke ruɗin ido, ban yarda da ita ba: a cikinta ake samun fasassun batura da kwalabe da ƙonanniyar leda, kuma dalmar da ke cikin wasu batura guba ce ga ƙwaƙwalwar yara.

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, don haka a cuɗa shi da yashi kafin a yafa, a rufe da 'yar ƙasa sama-sama. Kada a shuka duka buhunan rana ɗaya. A yi biyu yau, biyu bayan mako biyu, ta yadda wani na ƙarewa wani na tasowa. Kuɓewa ƙwaya biyu a rami, in sun fito a bar mai ƙarfin. Zogale kuwa, ko iri ko reshe, ya fi son a sa shi a ƙasa a lungun gida inda ruwa ba ya kwanciya, a kuma riƙa duba gindinsa saboda gara. Kabewa ɗaya da aka ɗora wa katanga ko rumfa za ta ba da ganye, ta ba da 'ya'ya.

Kowane lokaci da abin da ya karɓe shi. Daminarmu daga wajen Mayu take zuwa Oktoba, kuma ita ce ta alayyahu, rama, yakuwa, lalo, kuɓewa da kabewa. Idan hunturu ya shigo, kuɓewa da alayyahu sukan yi nawa, sai latas, kabeji, karas da albasa su karɓi fage. Mai son tumatir, nan ne lokacinsa: ya reni iri a ƙarshen damina, ya dasa bayan kamar mako huɗu, ya kafa masa sanda. A lokacin hannunsa ya riga ya faɗa da ganye.

Sai ruwa, wanda shi ne abin da ya fi damun iyayenmu mata a rani, musamman gidajen da ke saye a wurin 'yan garuwa. Ba sai an sayi jarka ta musamman don lambu ba. Ruwan alwala, ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi, ruwan ɗaurayar ƙarshe da ba omo, a tara a bokiti a zuba a gindin shuka da sassafe ko da la'asar sakaliya. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a saman ƙasar don damshi ya daɗe. Ruwan kwata da na makewayi ba su da wuri a lambu ko kaɗan. Babbar ribar lambun gida ita ce uwargida ta san ruwan da ganyenta ya sha, abin da ba ta da ikon sani a kan latas ɗin kasuwa. Duk mazubin da aka tara ruwa a ciki kuma a rufe shi, kada a je neman jini a kiwata sauro.

Awaki da kaji, shingen kara ko tsohon gidan sauro da ya yage ya ishe su. Sabon da aka raba a asibiti na kwanan yara ne.

Ƙwari za su zo, darɓa da farin ƙuda da tsutsa. A nan ne nake roƙon magidanta da babbar murya: kada a ɗauko piya-piya ko ragowar maganin da aka fesa wa wake ko masara a gona a watsa wa ganyen miya. Kowane maganin feshi yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira kafin a ci amfanin, shi kuwa ganyen tsakar gida kusan kullum ake tsinkarsa, kuma yara suna wasa a gefensa. Lambun buhu shida, ido da hannu sun fi ƙarfin ƙwarinsa. A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa kowace safiya, a tsince tsutsa, a cire ganyen da ya kamu. In abin ya yi yawa, a daka busassun 'ya'yan dogon yaro kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a yayyafa da yamma. A wanke ganyen sosai kafin girki, ruwan kuma a kawar da shi daga inda yara za su kai.

Yadda ake ɗiba yana ƙara yawan amfani ko ya rage shi. Alayyahu ba sai an tuge shi ba. A yanka da wuƙa mai kaifi a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, zai sake tofo a yanka sau biyu ko uku kafin ya yi kai. Kuɓewa a riƙa cire ta duk bayan kwana biyu ko uku tun tana ɗanya shakaf, domin in aka bar 'ya'yan suka ƙosa, uwar takan rage haihuwa. Zogale da ya kai ƙugun mutum a sare kansa, ya yi rassa ƙasa-ƙasa inda hannu zai kai. A tsinka da sanyin safiya ko dab da ɗora tukunya, gwargwadon abin da za a ci a ranar.

To, a madafa ne ake yawan zubar da wahalar da aka sha. A wanke ganye tukuna sannan a yanka. In aka yanka aka jiƙa a ruwa, wani amfanin ya bi ruwan. A zuba shi a ƙarshen girki, ya yi 'yan mintuna, a sauke yana kore. Faten tsakin da aka san Zazzagawa da shi abinci ne mai kyau ƙwarai, tunda ba a tsiyaye ruwansa: rama ko yakuwa da alayyahu suna ciki, ga gyaɗa, ga wake in an samu. Abin gyara kawai shi ne a jinkirta zuba ganyen. Miyar taushe ma haka, kabewa ta fara nuna, ganye ya shiga daga baya. Inda na fi ganin asara shi ne kwaɗon zogale da na rama, da ake tafasawa a ruwa mai yawa har ganyen ya koma ruwan ƙasa, a matse, a zubar da ruwan a rariya. A rage ruwan, ko a turara zogalen kamar dambu, ɗan ruwan da ya rage a juye a miya.

Kanwa kuma a sassauta mata. Na san ana sa ta don kuɓewa ta yi yauƙi, ganye ya yi laushi, tsamin yakuwa ya ragu, amma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B. Ganyen da aka tsinko yanzu da kuɓewa 'yar kwana uku ba su da taurin da zai sa a neme ta. Mai kuwa a sa, ko cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, domin bitamin A sai da maiƙo jiki yake ɗaukarsa. Matsa lemon tsami ko yanka ɗanyen tumatir a kan kwaɗo yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, shayi kuma yana tare shi, saboda haka a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi, musamman ga mai juna biyu.

Jariri nono zalla har wata shida. Daga nan a fara sa masa dafaffen ganye da aka niƙa, ko ƙaramin cokali na garin zogale, a kununsa ko fatensa, da ɗigon mai. Kuma a fahimce ni da kyau: zogale abinci ne. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa don yana cin zogale, mai ciki kuma ta ci gaba da zuwa awo tana shan maganin ƙarin jini.

Idan ganye ya yi yawa a Agusta da Satumba, a shanya don bazara. A inuwa ake shanya zogale da rama da lalo, a ɗaki mai iska ko ƙarƙashin rumfa, a kan tabarma mai tsabta, domin rana kai tsaye tana ƙone bitamin A. In ya bushe ƙayau a zuba a mazubi mai murfi. Kuɓewa da tumatir ne suke son rana, su ma a kan abin da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da ƙura da dabbobi.

Kafin a tuge shukar ƙarshe, a zaɓi alayyahu ɗaya da kuɓewa ɗaya mafi lafiya a bar su su ƙosa don iri, a adana a kwalba busasshiya da 'yar toka. Irin aure na cikin fakiti, wanda aka rubuta wa F1, shi ba a ajiye 'ya'yansa, domin ba sa fitowa kamar uwarsu. Wanda wata cuta ta ɗaure wa kai a lambunsa, ya tsinko ganyen da ya kamu ya sa a leda ya kawo wa malamin gona na yankinsa, ko ya nufi Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NAERLS ta wayar da kan manoma suke, ya nuna a gani da ido kafin ya sayi kowane magani.