Ma'anar "sojan baka", daga gidan rediyo zuwa wayar hannu

Da zarar guguwar zaɓe ta taso a Katsina, za ka ji ana cewa, "Rabu da shi, sojan baka ne." Kalma biyu aka haɗa: soja, da kuma baka, wato irin "baka" ɗin da muke faɗi a adabin baka, abin da ake yi da baki. Sojan baka mutum ne da ke yi wa ɗan siyasa yaƙi da harshe. Yana kare uban gidansa, yana kai wa abokin hamayya farmaki, kuma yawanci akwai abin da ake ba shi.

Yi wa jam'iyya yaƙi da baki ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC akwai mawaƙa da masu lacca da suka iya zuba magana a dandali. Amma sunan ya yi ƙarfi ne bayan dokar 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa gidajen rediyo, sannan mulkin farar hula ya dawo a 1999. A Kano, gidan rediyon Freedom ya fara aiki a 2003, shirinsa na Kowane Gauta ya zama fagen da magoya bayan 'yan siyasa ke baje kolinsu, salon kuma ya bazu har ya iso mu nan Katsina. Mutum zai je gidan rediyo, a biya kuɗin fili, a ba shi 'yan mintoci ya faɗi abin da ya kawo shi. Masu sauraro sun san muryarsa, sun san gidan da yake ci. Akwai kuma mai shirya shiri da zai iya yanke maganar da ta wuce gona da iri, don a wancan lokacin in ta fita, hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin takan ci gidan rediyon tara.

Wayar hannu ta kawar da wannan shingen. Yanzu babu kuɗin fili, babu mai tacewa, sai data da babban yatsa. Shi ya sa ake kiran wasunsu 'yan data, don ladansu bai wuce kuɗin katin da za su hau Facebook da TikTok ba. Sunan sojan baka ya biyo su duk da cewa rubutu suke yi.

Na ga yadda abin ke gudana da idona. Wani ɗan ƙanwata da ya gama digiri bai samu aiki ba, muna zaune da shi a majalisar shayi wajen Ƙofar Ƙaura bayan sallar isha'i, sai wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga wani zauren WhatsApp, an rubuto zargi a kan wani ɗan takara, an ce kowa ya ɗora kafin ƙarfe tara. Ya kwafa ya liƙa a shafinsa. Na ce, "Kai yanzu ka tabbatar da wannan maganar?" Ya ce, "Kawu, ni dai turo mini aka yi, in ban sa ba cire ni za a yi." Kafin mu tashi na ga rubutun nan a shafuka wajen bakwai, har da kuskuren harafi iri ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da yaron kaɗai ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma wa ya bar shi babu wata hanyar samun na sabulu?

Inda kalmar ta fi buƙatar bayani shi ne bambancinta da ɗan jarida, domin a intanet an cakuɗa su. Biyu daga cikin shafukan nan bakwai sunan jarida gare su, da tambari, da "Da ɗumi-ɗumi" a saman rubutu. Ɗan jarida na gaske yakan nemi ɓangaren wanda ake zargi, yakan sa sunansa, akwai edita a kansa, in ya yi kuskure ya fito ya gyara. Sojan baka kuwa an riga an gaya masa ƙarshen labarin tun kafin ya fara. A rediyo aƙalla akan sanar cewa fili ne da aka ɗauki nauyinsa. A Facebook babu mai gaya wa tsohuwar da aka karanta wa labari a Daura cewa talla ce aka biya. Dole kuma in faɗi gaskiya, wasu 'yan jaridar ma sun ba da ƙofa, waɗanda ba sa rubuta labarin taro sai an miƙa musu kuɗin mota a ambulan.

Ba duk mai kare jam'iyyarsa ne sojan baka ba. Akwai wanda aƙida ce ta sa shi, ba ya karɓar ko sisi, kuma yana da 'yancin magana kamar kowa. Masu mulki ma sukan jefi mai sukarsu da wannan suna don kada a saurare shi. Alamar da na fi yarda da ita ita ce sauya sheƙa: ranar da uban gida ya koma wata jam'iyya, sojan baka zai wayi gari yana yabon wanda ya zaga jiya.

Akwai kuma haɗarin da yaran nan ba su cika lissafawa ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama 'yan jarida da masu rubutu a shafukan sada zumunta da shi. Wanda ya tsara saƙon yana can a ɓoye, sunan da ke kan rubutun shi 'yan sanda ke nema. Na gaya wa ɗan ƙanwata haka a daren nan. Ya yi shiru, ya goge rubutun, amma har yau bai fita daga zauren ba.