Rage Iskar Taya Ba Ya Hana Mota Santsi

Da zarar damina ta kankama, za ka ga direbobi a wurin mai faci suna cewa a rage wa tayoyinsu iska, wai don su ƙara kama kwalta. An daɗe ana gadon wannan magana a tasha, amma akasin haka ne ke faruwa.

Aikin zanen da ke jikin taya shi ne korar ruwa gefe domin roba ta taɓa kwalta. Idan iska ta yi ƙasa, tsakiyar tayar sai ya lotsa ciki, ruwa ya taru ƙarƙashinta. Da an ƙara gudu sai motar ta hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau, birki ya ƙi ci. A wurare irin rairayi ne rage iska ke da amfani, wataƙila daga can maganar ta samo asali. Abin da ya kamata a duba shi ne zurfin zanen: idan ya gaza milimita 1.6, tayar ta gama aiki. Adadin iskar kuwa galibi yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Sanyi ma da kansa yana rage iska, don haka a lokacin hunturu a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Idan kuma giyar mota ta yi tauri da asuba, musamman a gari irin Jos, kada a garzaya wurin makaniki. Galibi man giya ne ya yi kauri saboda sanyi. A taka kuloci har ƙasa, a tafi a hankali, zai saki bayan 'yan mintoci.