Kai rahoto ba tare da sunanka ya fito ba: me doka ta ce kan hotunan yara a waya?

Duk wanda yake zama a shagon cajin waya a ƙauyukanmu, ta wajen Ringim ne ko Gumel ko Haɗejia, ya san yadda abin yake. Wayoyi jere a kan katako, janareta na ta ƙara, samari kuma sun haɗa kai ana tura-tura ta Xender. A nan ne hoton ƴar wani ke fita, ƴar makarantar kwana da ta dawo hutu ta ari wayar yayanta, wani ya yaudare ta da kati da zancen aure. Mutum goma za su gani kowa ya yi gum, don ana tsoron a ce wane ne munafukin da ya kai magana.

To ita doka ba ta yi gum ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, a sashe na 23 ta ce duk hoto ko bidiyon batsa na wanda bai kai shekara 18 ba, wanda ya ɗauka ko ya yaɗa zai iya shan ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 20 ko duka biyun. Ajiyewa kawai a waya ma laifi ne, shekara 5 ko miliyan 10. Dan Allah a lura da nan, domin da yawanmu da kyakkyawar niyya sai mu tura a gurup ɗin unguwa wai "ku ga abin da yaran zamani ke yi", wallahi kai ma ka shiga layin masu yaɗawa kenan, niyyarka ba za ta cire ka ba. Sashe na 24 kuma ya kama mai yin barazana, irin mai cewa turo kuɗi ko in watsa hotonki. Kuma kar a ɗauka abin wasa ne, a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya kan irin wannan damfarar. Jigawa na da dokar kare yara tun 2021, Kano ma ta sa wa tata hannu a 2023.

Yanzu batun ɓoye suna, nan ne nake so a fahimce ni, don ɓuyan hawa-hawa ne.

In ka danna rifot a Facebook ko TikTok ko Instagram, ba a gaya wa mai asusun wa ya kai shi. A WhatsApp ma haka, saƙonni biyar na ƙarshe da mutumin ya turo su ke tafiya wa kamfanin, shi kuma bai san an yi ba. Akwai kuma wani shafin intanet mai suna Take It Down, na wata cibiyar kare yara ta Amurka, kyauta ne kuma ba a tambayar suna. Hoton ba ya barin wayar yarinyar, wata lamba ake cirowa daga jikinsa kamar tambarin yatsa, sai Facebook da TikTok da sauransu su dinga tare shi in wani ya zo ɗorawa. Amma fa ba ya shiga hirar WhatsApp, balle abin da aka tura hannu da hannu a shagon caji.

Hukuma kuma wani abu ne daban. Za ka iya kiran NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, a 627 kyauta, ko 112 in abin na gaggawa ne, ka ce ba ka son a ambaci sunanka, sai dai ka sani layinka haɗe yake da NIN ɗinka, saboda haka sirri ne tsakaninka da su, ba wai ka ɓace ba ne gaba ɗaya. In kuma magana ta kai kotu dole sai an samu mai tsayawa shaida, alƙali ba ya ɗaure mutum da "an ce". Shi ya sa ni a ganina rahoton ɓoye na kashe wutar farko ne, a sauke hoton, a sa ido kan mutumin, sauran aikin kuma sai uba ko kawu ko malamin makaranta ya fito da fuskarsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake fara kai maganar gun mai unguwa a zaure cike da mutane, kafin la'asar gari duk ya ji sunan yarinyar, shi kuwa mai laifin ba wanda ya tambayi nasa. Daga nan sai duka, sai a cire ta daga makaranta, sai ƙannenta su koyi cewa in abu ya same su gara su yi shiru. In za a gaya wa mai unguwa ko dagaci a same shi shi kaɗai bayan isha'i.

Kafin a yi bulokin ɗin mutumin a rubuta lambarsa da sunan asusunsa, a yi sikirinshot na saƙon barazanar da lambar akawun ɗin da ya ce a tura kuɗi, ban da shi hoton. Kuɗin kuma kar a tura ko sisi, wanda aka ba dubu biyar yau gobe dubu ashirin zai nema.