Wai mece ce lambar siginal a zanen wayarin?

Wani ƙanena da ke karanta lantarki a Kadpoly ya zo shagonmu nan Kakuri yin SIWES, wato horon koyon aiki na ɗalibai, kwana biyu da zuwansa ya buɗe zanen wani fanel na canjoba, akwatin da ke sauya wuta tsakanin ta NEPA da ta janareto, ya ce min, "Yaya, wannan wayar ta zo bakin shafi ta ƙare da kibiya, ina ta shiga?" To a kan wannan kibiyar da sunan da aka ba ta zan yi magana.

Zanen fanel ba ya shiga shafi ɗaya. Waya ta taso daga taransifoma a shafi na 2, kwantaktan da za ta tayar, wato makunnin da lantarki ke kunnawa, yana can shafi na 9, ba yadda za ka ja layi ya tsallaka takarda. Sai ka yanke ta, ka sa kibiyar fita a nan, kibiyar shiga a can, ka ba su suna ɗaya. Wannan sunan shi ne lambar siginal, 'yan sana'a dai kod muke cewa. A AutoCAD Electrical, manhajar zanen lantarki, da zarar kod ɗin ya zo ɗaya, manhajar da kanta za ta kai lambar wayar ɗaya ɓangaren, ta kuma rubuta shafi da layin da ɗaya kan yake a jikin kowace kibiya. Sauran manhajoji irin su EPLAN da KiCad kowa da sunan da yake kiran abin, amma dabarar ɗaya ce.

Inda yara ke rikicewa, suna ɗauka kod shi ne lambar waya. A'a. Lambar waya ita ce wadda ake zura wa waya a jiki, mai gyara ya gani da idonsa cikin fanel, kuma tana iya canzawa in aka sake jera lambobi. Kod kuwa a kwamfuta yake zaune, aikinsa kawai ya riƙe kawunan nan kada su ɓace wa juna. Kuma ba shi ne sunan na'ura ba, irin su K1 da Q2 ɗin nan, su tsarin ƙa'idojin lantarki na duniya mai lamba IEC 81346 ne ya tanade su, na siginal kuma IEC 61175.

Ƙa'idar ba ta da yawa, kibiyar fita ɗaya tak ga kowane kod, na shiga kuwa ko goma ne ba laifi, kamar 24V da ke zaga shafuka.

Amma fa ni abin nan ya taɓa ci na. Aikin wani gidan ruwan leda ne, ana sauri, sai na kwafo shafin tayar da janareto daga wani tsohon aiki na manna ban duba ba, ashe kod ɗin ciki "1" ne, wai ɗaya kawai, kuma sabon zanen ma akwai mai wannan sunan a layin famfo, manhaja kuwa ba ruwanta ta ɗaura musu aure. Yaron da ya haɗa wayarin ya bi takarda tiryan-tiryan, ba laifinsa. Ranar gwaji aka ɗauke wuta, janareto ya yi gum, rile ɗin famfo, wato ɗan makunninsa, shi ne ke ta ƙas-ƙas. Wuni guda muka yi da mita a hannu kafin na koma kwamfuta na gano ta'asar.

Tun ranar na daina sa 1, 2, A, B. Ina sa suna mai magana, 24V_FANEL1, JANARETO_TASHI, ko bayan shekara uku na buɗe na san mene ne. Wasu ogogin sun fi son a ajiye jerin kod a Excel, ni dai ganina wahala ce biyu, don ranar da ka gyara zane ka manta Excel ya zama maƙaryaci. Gara rahoton da manhajar ke fitarwa, shi zai tona maka kibiyar da ba ta da abokiya.

Shi dai ƙanen nawa aikin da na fara ba shi ke nan, ya fitar da rahoton kafin a kai zane firinta. Jiya ya tsinto marayun kibiyoyi uku, biyu ni na yi su.